Shin Ko Kun San Masu Tattaki Domin Waɗanda Ƙafafunsu Suka Daina Takawa?

Shin ko kun san akwai jijiya a jikinku da tsawonta kan kai mita 1? Ƙwayar halitta guda ɗaya tal! Daga ƙasan gadon baya take miƙewa har tafin ƙafa, tana kai wa tsoka umarnin motsi. Irin waɗannan jijiyoyi ne cutar MND ke kashewa, wadda a Amurka aka fi sani da ALS. Hannu ya saki, ƙafa ta ƙi ɗaguwa, murya ta shaƙe, haɗiya ta gagara. Amma ido na gani, kunne na ji, kuma da yawa hankalinsu garau yake. Har yau ba a samo maganin warkewa ba.

A Birtaniya, kusan mutum 6 ake gano suna da ita kowace rana. Fiye da rabinsu ba sa wuce shekara 2 bayan an gano.

To, me maƙwabta za su yi? Sai suka ɗaura takalma! A Birtaniya da Ostireliya da Amurka, duk shekara jama'a kan yi dafifi a filayen shaƙatawa, su taka 'yan kilomitoci tare. Ba tsere ba ne. Ga jikoki, ga kakanni, ga majinyata a kan keken guragu ana turawa. Kowane mai tattaki yana da 'yan uwa da abokai da suka yi alkawarin sa kuɗi a gidauniya.

Ina kuɗin ke zuwa? Nan ne abin ya fi taɓa ni. Bayan bincike da kekuna masu lantarki, har murya ake adanawa! Tun bakin majinyaci bai rufe ba, sai ya karanta jimloli a naɗa. Ranar da magana ta gagara, kwamfuta za ta yi magana da sauti mai kama da nasa. Wasu ma da ƙwayar ido kawai suke zaɓar haruffa.

Kun ji labarin Charlie Bird? Ya kasance ɗan jarida a ƙasar Ailan. Cutar ta riga ta cinye masa murya, amma a watan Afrilun 2022 ya hau dutsen Croagh Patrick, mai tsayin mita 764. Dubban mutane suka hau duwatsu a faɗin ƙasar a ranar. Aka tara sama da yuro miliyan 3!

Masoya Liverpool, ku matso. Stephen Darby, tsohon ɗan bayan ƙungiyar, yana ɗan shekara 29 cutar ta raba shi da ƙwallo a 2018. A Maris ɗin 2024 tsofaffin 'yan wasa da magoya baya suka taka a ƙafa daga Bradford har Anfield, filin wasan Liverpool, suna yada zango a filayen ƙwallo.

Wani kuma tattaki bai ishe shi ba. Kevin Sinfield, tsohon ɗan wasan zari-ruga na birnin Leeds, amininsa kuma abokin wasansa Rob Burrow ne ya kamu a 2019. Lamba 7 Burrow ke sawa. Sai Sinfield ya yi gudun fanfalaki 7 cikin kwana 7 a Disambar 2020. Kilomita 42 kullum! Jimilla kusan 295, ya zarce nisan Kano zuwa Kaduna. Fam 77,777 ya nema. Abin da ya shigo ya haura fam miliyan 2!

Ba a nan ya tsaya ba. A 2021 ya yi mil 101 cikin sa'o'i 24. A Mayun 2023 kuma ya tura Burrow a keke tsawon gudun fanfalaki na Leeds, da suka zo dab da layin ƙarshe ya sunkuce shi a hannu suka tsallaka tare. Wallahi wannan ita ce abota. Burrow ya rasu a Yunin 2024 yana da shekara 41.

Ga wani abin mamakin: masanin kimiyya Stephen Hawking yana ɗan shekara 21 aka gano yana da cutar, aka ce masa saura shekara 2. A 1963 ke nan. Sai 2018 ya rasu, yana da 76!