Daga ajin jami'a zuwa kotun Hague

Ranar 12 ga Yulin 2005, Kotun Duniya da ke birnin Hague ta yanke hukunci cewa tsibirin Lete na Nijar ne. Cikin tsibirai 25 da ke kogin Isa tsakanin Nijar da Benin, 16 suka faɗo wa Nijar. A ayarin lauyoyin Nijar da ministar harkokin waje ta lokacin Aïchatou Mindaoudou ta jagoranta, tare da manya irin su Jean Salmon na Beljiyam da Maurice Kamto na Kamaru, akwai malamin shari'a na Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, Farfesa Amadou Tankoano.

Ƙarar iyaka ba a cin ta da zaƙin baki. Ƙa'idar da ƙasashen Afirka suka amince da ita a Alƙahira a 1964 ita ce kowa ya tsaya kan iyakar da ya gada ranar samun 'yanci, don haka dole a koma ga takardun Faransawa. Benin ta riƙe wasiƙar muƙaddashin gwamnan Nijar ta 27 ga Agustan 1954, wadda ta kai iyaka gaɓar hagu, wato ta bar wa Dahomey (Benin ta yau) kogin. Nijar kuwa ta fito da wasiƙar kwamandan Gaya, garin Nijar da ke bakin kogin, ta 1914, ta kuma nuna cewa shekara da shekaru daga Gaya ake gudanar da Lete. Alƙalai suka ɗora iyaka kan hanyar jirage mafi zurfi a kogin. A kogin Mekru dai, ɗaya ɓangaren ƙarar, hujjar Benin ce ta rinjaya.

Tankoano ya sake komawa Hague a shari'ar Nijar da Burkina Faso, wadda aka yanke a 16 ga Afrilun 2013, inda aka yi ta gardama kan dokar gwamna janar na Faransawa ta 31 ga Agustan 1927 da gyaranta.

Abin da ke damuna shi ne, a shari'u biyun nan ragamar lauyoyi tana hannun baƙi. Sun ƙware, babu musu. Amma tonon tsofaffin takardu da karatun taswira aiki ne na shekaru, kuma a jami'a ake koyonsa. Ya kamata kundayen waɗannan shari'u su zama abin karatun ɗaliban shari'a na Yamai, a kuma ba masu digirin digirgir tallafin da za su bi sawun takardun har ma'ajiyoyinsu na Dakar da Aix-en-Provence.