Wakilin ɗan wasa a Hollywood da ushirar da yake ci

Duk wanda ya kalli fim ɗin Amurka, ya ga sunan jarumi ya bayyana da manyan baƙaƙe tun kafin a shiga labari, da wuya ya san cewa wurin da aka sa sunan nan, da girman baƙaƙensa, da wanda zai riga wani fitowa, duk an yi ciniki a kansu an rubuta cikin yarjejeniya, kuma wanda ya yi cinikin shi ne wakilin ɗan wasan, mutumin da ba a ganin fuskarsa a majigi, alhali kuwa rabin arzikin jarumin ta hannunsa ya biyo.

Matashin da ya iso Los Angeles da niyyar wasa, ko da Allah ya hore masa baiwa da kyan sura, ba shi da hanyar sanin wane fim ake shiryawa, balle ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, domin bayanin irin mutanen da ake nema galibi ga kamfanonin wakilci ake aika shi. Wakili ne zai duba, ya ga wane matsayi ya dace da yaronsa, ya tura hotunansa da gajeren faifan ayyukansa ga masu zaɓen 'yan wasa, ya yi ta kiran waya har a ba shi lokacin gwaji. Idan an ɗauke shi, sai a zauna a kan lada, da kwanakin aiki, da haƙƙin da za a riƙa biyansa duk lokacin da aka sake nuna fim ɗin, da abin da ba za a tilasta masa yi a gaban kyamara ba. A ganina mafi wuyar aikin shi ne hana yaro karɓar abin da ya samu, gama wanda ya fito ɗan daba sau uku a jere, ɗan daba za a yi ta kiransa har ya tsufa, kuma mai yunwa ba ya jin wannan nasiha da sauƙi.

Ladan wakili kashi 10 ne cikin 100 na abin da ɗan wasa ya samu, kamar la'adar dillali a kara, wadda ba ta wajaba sai ciniki ya faɗa. Saboda haka wanda ya nemi kuɗi tun kafin ya samo aiki, a yi hattara da shi. A jihar Kalifoniya ma doka ta shar'anta cewa mai nema wa ɗan wasa aiki sai yana da lasisi. Hikimar ushirar nan a fili take, tun da ta ɗaure maslahar wakili da ta wanda ya wakilta shi. Amma tana da aibi, domin ushirar sabon shiga ba ta taka kara ta karya ba, don haka a babban kamfani yakan zama sunan da ke can ƙasan takarda, har masana harkar kan ce gara ƙaramin wakili mai ɗaukar wayarka.

Sana'ar tsohuwa ce, gama tun 1898 aka kafa kamfanin wakilci na William Morris a New York, sai dai ba ta ƙasaita ba muddin manyan kamfanonin fim suna riƙe da 'yan wasa da kwantiragin shekara 7, suna sa su abin da suka ga dama, suna dakatar da wanda ya ƙi. Da 'yar wasa Olivia de Havilland ta kayar da kamfanin Warner Bros. a kotu a 1944, kana Kotun Ƙoli ta raba kamfanonin da gidajen silimansu a 1948, sai 'yan wasa suka zama masu cin gashin kansu, kowane fim da cinikinsa. A 1950 Lew Wasserman na kamfanin wakilci na MCA ya sa jarumi James Stewart ya bar ladan da ya saba karɓa, ya ɗauki kaso cikin ribar fim ɗin Winchester '73, abin da ya samu kuwa ya zarce ladan nesa ba kusa ba.

Da ƙarfi ya samu ga wakilai, sai fitina ta biyo shi. Manyan kamfanonin wakilci irin su CAA, wanda Michael Ovitz da abokansa 4 suka kafa a 1975, sun shahara da haɗa marubuci da darakta da jarumi, dukkansu mutanensu, su miƙa wa kamfanin shirya fim a dunƙule, su karɓi kuɗinsu daga hannun mai saye. Sabon ɗan wasa kan ci moriyar haka, domin ana cusa shi a gefen tauraro. Amma ko ɗalibin da bai yi nisa cikin babin wakilci na fiƙihu ba ya san cewa wakilin da ke cin lada daga wanda aka aike shi ya yi ciniki da shi, amanarsa ta shiga shubuha. Kan wannan mas'ala ne marubuta fiye da 7,000 suka sallami wakilansu a watan Afrilun 2019, ba su kuma daidaita da kamfani na ƙarshe, wato WME, ba sai a Fabrairun 2021, bisa sharaɗin a daina karɓar irin wannan kuɗi a ayyukansu.