Kano da Idon Manomi: Abin Kallo, Abin Saye da Abin Ci

Kaka ta yi, an kai amfani rumbu, 'yan kuɗi sun shigo hannu. A irin wannan lokaci ne ƙungiyoyinmu na ƙasar Kebbe da Tambuwal sukan tashi mutum biyu ko uku su tafi birni su sayo abin da babu a kasuwar ƙauye, kamar injin ban-ruwa ko abin feshi. Yawanci Sakkwato ko Jega akan nufa. Waɗansu kuwa sukan ce a kai har Kano, tun da can uwar kasuwa take. Mu ma mun yi wannan tafiya, mun kwana uku muna yawo. Mun ga ya kamata mu ba ku labari, domin wanda za a aika bana ya san inda zai sa ƙafa.

Abu guda muke so ku riƙe tun daga farko. Kusan duk abin da ya ba mu sha'awa a Kano, da muka bi asalinsa, sai muka tarar daga gona ya fito ko daga garke. Abin da birni ya ƙara masa aikin hannu ne, a cikin wannan aiki kuwa ribar take.

Kafin a tashi

Tafiyar ta yini guda ce, ta Gusau da Funtuwa. Hanyar ta ratsa Zamfara, inda 'yan bindiga suka daɗe suna damun matafiya. Saboda haka a tashi da safe, a tambayi direbobi a tasha labarin hanya, kada a yarda da tafiyar dare. Kuɗin ƙungiya kuma kada a zuba su a aljihu. A bar su a banki, a biya ta waya, ko a cire kaɗan kaɗan wurin masu POS.

A cikin Kano ba za ku sami ɗan acaɓa kamar na gida ba, gama gwamnati ta hana acaɓa tun 2013. Keke mai ƙafa uku ake shiga, wanda Kanawa ke kira a-daidaita-sahu. Ku shirya kuɗin da direba tun kafin ku hau.

Dala da tsohon birni

Mun fara da dutsen Dala da sassafe, kafin rana ta yi zafi. An yi masa matakala har bisa. Daga can mutum zai hangi birni duka: Goron Dutse, da babban masallacin Juma'a, da gidaje iyakar ganin ido. A gindin wannan dutse Kano ta soma, masana kuwa sun sami alamun narka tama a wurin da suka wuce shekara dubu. Watau mutanen farko maƙera ne, masu yin irin ƙarfen da ake ƙera fartanya da shi.

Ganuwar birni, wadda suke ce wa badala, an soma ta zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134. Yau da yawa daga cikinta ta zube, ƙofofin ne suka riƙe sunayensu. Wanda ke son ganin kayan da, sai ya shiga Gidan Makama, kusa da gidan Sarki. Gidajen biyu duka daga zamanin Sarki Muhammadu Rumfa suke, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Gidan Makama yanzu gidan ajiye kayan tarihi ne, ana biyan 'yan kuɗi kaɗan a shiga.

Daga nan muka gangara marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa an kafa ta a 1498. Har yanzu akwai dattawa da ke tsoma zane a karofi, da baba da toka, kamar yadda kakanninsu suka yi. Amma ramuka da yawa sun bushe. Baba ma ai amfanin gona ne, dā manoma na shuka shi don marina. Da yadi mai araha ya shigo daga waje, sai marini ya rasa ciniki, mai noman baba ma ya rasa.

Kurmi da jar akuyarmu

Kasuwar Kurmi ma Rumfa ne ya kafa ta. Lunguna ne matsattsu, kowace sana'a da layinta: 'yan sirdi, 'yan turare, masu kayan yaji, masu ƙwarya da faifai, da dukawa. A layin dukawa muka daɗe, muna duban jakunkuna da takalma da titimi, masu laushi kamar ƙyalle.

Wannan fata ta jar akuya ce, irin wadda ke ɗaure a bayan ɗakin kowace mace a Kuchi ko Dogon Daji. Tun zamanin ayari ake kai ta hayin Sahara, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, don ta can take isa gare su. Har gobe majemun Kano, na gargajiya da na zamani a Challawa da Sharaɗa, suna nemanta.

Wani baduku ya ɗaga mana fata guda ga hasken rana, ya nuna mana huda uku da wuƙa ta yi, ya ce, "Malam, kun ga wannan? Akuyar ba ta da laifi, mai fiɗa ne ya ɓata ta." Fatar da aka huda, ko aka yi wa lamba da wuta a tsakiyar jiki, ko aka shanya a ƙasa cikin rana mai zafi, darajarta ta faɗi tun ba ta bar ƙauye ba. A fiɗe a hankali, a shanya a inuwa.

Dawanau: inda buhunmu yake zuwa

In mutum yini ɗaya kaɗai gare shi, Dawanau ya kamata ya je. Tana kan hanyar Katsina, an kafa ta a 1985, ana kuwa lissafa ta babbar kasuwar hatsi ta Afirka ta Yamma. Gero, dawa, masara, wake, gyaɗa, waken suya, tsamiya, citta, kowanne da sashensa. Manyan motoci na loda kaya zuwa Kudu da Nijar. Riɗi kuwa har Japan da Sin da Turkiyya ake kai shi, zoɓo kuma har Meziko.

Mun taho da riɗin ƙungiyarmu kaɗan a ƙulle cikin tsumma, don mu ji abin da za a ce. Wani Alhaji mai sito ya zuba shi a tafin hannu, ya hura, ƙaiƙayi ya tashi. Ya murza, yashi ya fito. Ya yi dariya ya ce, "'Yan'uwa, riɗinku mai kyau ne. Amma ni ba na sayen ƙasar Sakkwato da kuɗin riɗi." Kunya ta kama mu, sai dai gaskiya ya faɗa.

Sa'an nan ya kai mu bayan sito. Mata ne zaune jere, suna bakace, suna tankaɗe, suna tsince tsakuwa da kara. Biyansu ake yi. Ladan nan daga ina yake fitowa? Daga cikin kuɗin da aka rage mana a ƙauye. Aikin nan kuwa babu wanda matanmu da samarinmu ba su iya ba.

Mun lura da abu uku a Dawanau. Na ɗaya, kayan da za a fitar waje da sikeli ake aunawa, ba da kwano ko tiya ba. Ƙungiyar da ba ta da sikeli ba ta san abin da ta sayar ba. Na biyu, mai saye yana son iri ɗaya, farin riɗi daban, farin wake daban, ba gauraye ba. Na uku, ana gudun waken da aka zuba wa maganin ƙwari. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda gubar da aka samu a ciki. Akwai buhun PICS, mai leda biyu a ciki, wanda in an ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, ƙwaro ya mutu ba tare da magani ba. Wannan yana cikin abin da ya dace a sayo.

Sayayya

Kowace kasuwa a Kano da abin da aka san ta da shi. Kantin Kwari ta atamfa ce da shadda da yadi. Singa ta kayan masarufi, sukari da sabulu da man girki. Ƙofar Wambai ta gwanjo da robobi. 'Yan Kaba ta kayan miya, 'Yan Lemo ta kayan marmari, Mariri ta goro. Sabon Gari kuwa kusan kome akwai.

A Kwari ido yakan ruɗe. Amma yawancin yadin nan daga ƙasar Sin yake zuwa, gama masaƙun Kano da Kaduna, waɗanda dā suke sayen audugar manomanmu, galibinsu sun rufe.

Ga shawararmu ga wanda aka aika. Ya rubuta abin da ƙungiya ta ce a sayo, ya saye shi tukuna kafin tsaraba. Ya tambayi kuɗin kaya a shago uku kafin ya taya. In an ce masa "albarka", kada ya ji kunya ya wuce gaba, sau da yawa za a kira shi a sallama. Turmin atamfa yadi shida ne, a buɗe a gani. Injin ban-ruwa a tashe shi a gabansa, ya kuma tambaya ko ana samun kayan gyaransa a Jega ko Sakkwato, don araha ba ta ado. Ya karɓi rasit na kome, domin ma'aji ya karanta a gaban jama'a. Rashin rasit ya sha raba ƙungiyar da ba a ci ko kwabo a cikinta ba.

Abincin bakin hanya

Ba a kwana da yunwa a Kano in da ɗan canji. Da safe koko da ƙosai, ko waina da miya. Da rana ɗan wake, ko shinkafa da wake da mai da yaji, wadda suke kira garau-garau. Da yamma awara, da tsire da balangu. Kilishi kuwa unguwar Agadasawa aka sani da shi, ya kuma yi kyau da tsaraba tun da ba ya saurin lalacewa.

Abin da Kano ta fi suna da shi gurasa ce. Fataken Larabawa suka kawo ta, da alkama ake yi, a gasa a jikin tanderu. In an yayyafa mata ruwa, aka barbaɗa garin ƙuli-ƙuli da yaji, aka zuba man gyaɗa da albasa, ita ce bandashe. Mun ci, mun ƙara.

A yi hankali dai. A ci abin da aka sauke daga wuta da zafinsa, a guji wanda ƙuda ke bi, a wanke hannu, a kula da ruwan sha. Amai da gudawa ba su san baƙo ba.

Muna ci muna lissafi. Ƙosai waken gonarmu ne. Awara waken suya ce. Ƙulin da ke kan tsire, da na kilishi, da na bandashe, duk gyaɗa ce da aka riga aka matse manta aka sayar. Watau mai matsa gyaɗa ya ci kasuwa sau biyu, wanda ya noma ta ya ci sau ɗaya. Ku gwada a gida: ku auna kwano ɗaya na wake, a yi ƙosai da shi, ku ƙirga, ku cire kuɗin mai da itace, ku gwada da kuɗin kwanon a kasuwa.

Dalar da ba mu gani ba

Wani tsoho a cikinmu ya so a kai shi ya ga dalar gyaɗa. Babu ita. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, attajirai irin su Alhassan Dantata suka tara buhuna kamar tsauni. Sai farin 1973 ya zo, a 1975 kuma cutar da darɓa ke yaɗawa ta tsugunar da gyaɗa a gonaki. A 1986 gwamnati ta rushe hukumomin sayen amfanin gona. Yau riɗi da zoɓo ke tashe, amma wanda ya tuna da gyaɗa ba zai ba amfani guda gonarsa duka ba.

Mu tattauna a taronmu

1. Wane amfani muke sayarwa da datti, wanda za mu iya gyarawa kafin ya bar gari?
2. Za mu iya haɗa kuɗi mu sayi sikeli ɗaya da buhunan ajiya?
3. In mun tara kayanmu wuri guda, za su cika mota, har mu kai da kanmu?
4. Wa za mu aika, da wa zai raka shi? A sa mace a cikin tafiyar, gama su suka fi sanin aikin bakace da na abinci.

Gani ya kori ji. Wanda aka aika ya tafi da ɗan samfurin amfaninku a ƙulle, ya nuna wa masu saye, ya saurari abin da za su ce ko da ba daɗi, ya kawo wa ƙungiya labari. Allah ya kai shi lafiya, ya komo da shi lafiya.