Kuɗin kati na karatu: Abin da ya kamata iyayen ɗaliban Madarunfa su sani

A 'yan shekarun nan, uwa mai sayar da kifin tafkin Madarunfa ko mai awon gero, in tana da ɗa a jami'a, ta saba da wata buƙata da iyayenta ba su sani ba. Bayan kuɗin rajista da na haya da na abinci, sai yaro ya bugo waya ya ce a turo masa na kati, wai zai shiga aji ta salula. Da yawa daga cikin iyaye sukan ɗauka wayo ne kawai na cin kuɗi. Wani lokaci kam wayon ne, amma galibi gaskiya yaran ke faɗa.

Abin da ake nufi shi ne, jami'a takan buɗe wani zaure a intanet, inda malami ke ajiye darasi, ya ba da aikin gida, ya kuma sa ranar da za a rufe karɓa. Wanda jami'o'in duniya da dama ke amfani da shi sunansa Moodle, wani ɗan Ostareliya, Martin Dougiamas, ya fito da shi a 2002. Kowane ɗalibi yana da sunan shiga da lambar sirri, kamar dai mabuɗin shago. Abin ya ƙara ƙarfi ne a 2020, lokacin da cutar korona ta sa aka rufe makarantun Nijar daga Maris zuwa Yuni.

Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, wadda aka kafa a 2010, ba ta da nisa da Madarunfa, ɗalibi na iya zuwa ya dawo a yini guda. Masu karatu a Yamai, ko waɗanda suka ƙetare Ɗan Isa suka shiga Jami'ar NOUN ta karatu daga gida a Nijeriya, su ne suka fi dogara da waya.

To amma fa na'ura ba ta san uzuri ba. In an ce ƙarfe 12 na dare za a rufe, ko minti ɗaya aka ƙara ƙofa ta rufu, babu wanda za a roƙa. Ga kuma matsalar wuta. Lantarkin Maraɗi daga Katsina yake shigowa, kowa kuma ya tuna yadda aka sha duhu bayan Nijeriya ta yanke shi a Agustan 2023, sai a Maris na 2024 aka maido. Ɗalibin da wayarsa ta mutu a irin wannan dare, sai ya bi layin masu caji da hasken rana tare da kowa.

Uwar da ke son ta tabbatar, ba sai ta iya boko ba. Ta ce yaro ya buɗe zauren a gabanta, ya nuna mata sunansa da darussansa da ranakun rufewa. Ya riƙa sauke darasi a waya lokacin da layin Airtel ko Moov ko Zamani ke da ƙarfi, ya karanta daga baya ba tare da kati na ƙonewa ba. Bidiyo ne ke cinye kuɗi, rubutu ba ya cin komai sosai.

Lambar sirrin nan kuwa, kada a bar ta hannun mai shagon kwamfuta ko aboki, domin duk abin da aka aika da ita, da sunan ɗalibin aka aika. Wanda kuma ya bugo ya ce a tura kuɗi ta waya don ya gyara maki ko ya buɗe zauren da ya rufe, a fara zuwa ofishin rajista na jami'ar a tambaya kafin a fitar da ko dala.