Ƙara jiki ko ƙona kitse? Muhawarar 'yan ɗaga ƙarfe a Wudil

Da la'asar sakaliya, idan rana ta fara sanyi, samari kan taru a wani kango ko bayan gida a Sabon Garin Wudil don ɗaga ƙarfe. Kayan aikin ba su da tsada: bututun ƙarfe ne aka kafe shi da siminti a gwangwanin fenti gefe da gefe, sai benci na katako. A cikinsu akwai ɗaliban Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, akwai masu dako, akwai yaran shago. Duk suna son abu ɗaya, ƙirji mai faɗi da ƙwanji a murɗe. Inda suke rabuwa shi ne kan kwanon abinci. Wasu na cewa a ci iya ci har jiki ya ciko, daga baya a gyara. Wasu kuma, waɗanda suka sha kallon bidiyon Turawa a waya, sun dage sai an fara rage ci a ƙone kitse, tsoka ta fito fili.

Duka hanyoyin biyu suna da asali. Masu shiga gasar nuna ƙirar jiki, irin su Arnold Schwarzenegger wanda ya lashe kambun Mista Olimpiya sau 7 tsakanin 1970 da 1980, kan raba shekararsu gida biyu. Watanni da yawa suna cin fiye da abin da jiki ke ƙonawa don tsoka ta samu abin gini, sannan idan gasa ta matso su zaftare abinci har fata ta manne wa tsoka. Abin da yaro mai kallon waya ba ya gani shi ne wannan bushewar ta 'yan kwanaki ce, kuma tana da tsada ga lafiya. A 2013 masana a Amurka sun buga rahoton wani ɗan gasa da suka bibiya, wanda ba ya shan ƙwayoyin ƙara tsoka. Cikin wata 6 kitsen jikinsa ya sauko daga kusan kashi 15 cikin 100 zuwa 4.5, amma sinadarin mazantaka na testostiron a jininsa ya faɗi da kusan kashi uku cikin huɗu, kuma sai da ya koma cin abinci sosai sannan ya dawo daidai. Wanda ba shi da gasa a gabansa ba shi da dalilin jefa kansa cikin wannan wahala.

To wane ne ya kamata ya ƙara, wane ne ya kamata ya rage? Igiya kaɗai ta isa ta raba gardama. Mutum ya auna tsayinsa da ita daga ƙasa zuwa ka, ya ninka ta biyu, ya zagaya cikinsa da ita daidai saman cibiya ba tare da ya shanye ciki ba. Idan ta haɗu da sauƙi, kitsen cikinsa bai wuce ƙima ba, yana iya ƙara ci. Idan ta ƙi haɗuwa, teɓa ta riga ta yi yawa, ƙarin abinci zai ƙara ta ne kawai. Wannan ba camfi ba ne: a 2022 hukumar NICE da ke tsara ƙa'idojin lafiya a Ingila ta shawarci manya da su riƙe kewayen ƙugunsu ƙasa da rabin tsayinsu. Mai tsayin santimita 170, ke nan, kada ƙugunsa ya kai 85.

Da za a gwada wannan igiya a kan samarin Wudil, da yawansu za su tsallake. Mai haƙar yashi a kogi, mai ɗaukar buhu, mai kora shanu a kara ranar Juma'a, duk suna ƙona abinci tun safe kafin su taɓa ƙarfe. Irin wannan matashi in ya ce zai rage ci, ƙarfinsa ne zai tafi, aikin da yake ci da shi ya gagare shi. Ɗalibin da ke wuni a zaune a aji, da dare ya tsaya wurin mai shayi a haɗa masa indomi biyu da burodi da lemon kwalba, shi ne lissafinsa ya bambanta.

Amma ƙara ci ma yana da iyaka, kuma a nan ne yawancin samari ke kuskure. Jiki ba ya gina tsoka da sauri. Sabon shiga da ya dage, in ya samu rabin kilo zuwa kilo ɗaya na tsoka a wata ya yi ƙoƙari, kuma bayan shekara ɗaya ko biyu saurin yakan ragu ƙwarai. Duk abin da aka ci ya wuce buƙatar wannan gini, kitse yake zama. Wata masaniya a Norway, Ina Garthe, ta gwada haka a kan 'yan wasa a binciken da aka buga a 2013: waɗanda aka ɗora wa ƙarin abinci mai yawa sun fi tara kitse nesa ba kusa ba, alhali bambancin tsokarsu da ta sauran bai taka kara ya karya ba. Masu turkar raguna sun san wannan tun da daɗewa, domin ragon da aka cika wa dusa yakan yi nauyi a ido, sai an yanka a tarar kaso mai yawa na abin da aka saya kitse ne. Ƙarin da masana ke ba da shawara ƙarami ne, kalori 300 zuwa 500 a rana. Wannan bai wuce kofin fura da nono da tafin hannu ɗaya na gyaɗa a kan abincin da aka saba ba.

Matsalar da ta fi girma a kwanon Bahaushe mai ɗaga ƙarfe ita ce ƙarancin furotin, sinadarin da ake gina tsoka da shi. Tuwo, shinkafa, taliya, gurasa da rogo suna cika ciki, suna ba da kuzari, amma furotin ɗinsu kaɗan ne. Wani babban nazari da ya tattara bincike 49, aka buga shi a 2018, ya nuna cewa amfanin furotin ga mai ɗaga ƙarfe yana ƙaruwa har zuwa kimanin giram 1.6 a kan kowane kilo na nauyin jiki a rana. Mai kilo 60 na buƙatar giram 96.

Adadin yana da ban tsoro a takarda, amma a kasuwar Wudil abu ne mai yiwuwa. Ƙwai 3 suna ba da giram 18. Giram 100 na busasshen wake, a dafa shi garau-garau ko a yi alale, yana ba da kusan 23. Yankin tarwaɗa ko karfasa mai giram 100 daga bakin gadar Wudil zai kawo kusan 20. Rabin lita na kindirmo wajen 16 ne. Gero ko dawar da aka yi tuwo da koko da su ma ba banza ba ne, giram 200 na tsabar yana da kusan 20. An haura 96 ke nan, ba a sayi gwangwanin garin furotin ɗin nan mai tsada ba. Ga awara, wadda ake yi da waken suya, waken da fiye da kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa furotin ne. Ga ƙuli-ƙuli, da aka riga aka matse masa mai, ya rage da furotin mai yawa, a daka shi a kwaɗa zogale da shi. Abin takaici ne a ga saurayi yana tara kuɗin wata guda don sayen gari daga waje, alhali 'yar talla na wucewa ta ƙofar gidansu da farantin awara kullum.

Wanda igiya ta kama, hanyarsa ita ce ragewa a hankali, ya riƙe furotin ɗin nan yadda yake, ya ci gaba da ɗaga ƙarfe mai nauyi. Abin da za a fara taɓawa shi ne mai da sukari. Cokali ɗaya babba na man gyaɗa kalori 120 ne, kuma kowa ya san ba cokali ɗaya ake zuba wa ɗanwake ba. A rage man, a bar lemon kwalba, a rage sukarin shayi, a cire malmala ɗaya da dare, sau da yawa ya wadatar. Saurin da ya dace shi ne rabin kilo ko ɗan fiye a mako. Garthe ɗin dai ta nuna a 2011 cewa 'yan wasan da suka rage nauyi sannu a hankali har tsoka suka ƙara, waɗanda suka yi gaggawa kuwa ba su ƙara ba.

Sabon shiga da jikinsa ke tsaka-tsaki bai kamata ya dami kansa da zaɓi ba tukuna. A watannin farko jiki na iya ƙona kitse yana gina tsoka a lokaci guda, muddin akwai furotin, da barcin awa 7 zuwa 8, da ƙarin nauyin ƙarfe kaɗan-kaɗan.

Yanayin ƙasar ma ya riga ya tsara shekarar. Da kaka wake da gyaɗa da gero sun fi araha, sanyin hunturu kuma na buɗe ciki, wannan ne lokacin ƙarawa. Da bazara, sa'ad da zafi ke kaiwa digiri 40, cin abinci yakan ragu da kansa. Watan azumi kuwa ba lokacin neman ƙarin nauyi ba ne. Wanda ya riƙe tsokarsa a cikinsa ya ci riba, kuma hanyar ita ce ya mayar da motsa jiki bayan shan ruwa, ya sa ƙwai ko wake ko nono a sahur, kada buɗa-baki ya ƙare a soye-soye kaɗai.

Akwai wata gajeriyar hanya da ke cutar da matasa, wato ƙwayoyin ƙiba da ake saye ba tare da takardar likita ba, waɗanda ake kira sha-ka-fashe. Da yawansu deksametason ne, magani mai amfani a hannun likita amma mai ɓarna in an daɗe ana sha. Yana kumbura fuska, yana tara kitse a ciki da bayan wuya, yana hawar da jini da sukari, yana raunana ƙashi da garkuwar jiki, sannan yana zaizaye tsokar hannu da cinya, wato ainihin abin da mai ɗaga ƙarfe yake nema. Sikeli zai nuna ƙari, ƙarfi kuwa yana raguwa. Wanda ya riga ya yi makonni yana sha, kada ya daina rana ɗaya, domin jikinsa ya rage samar da nasa sinadarin kotisol, kuma tsayawa kwatsam na iya sa jini ya faɗi har ya suma. Ya je asibiti ya gaya wa likita gaskiyar abin da yake sha da tsawon lokacin, a sauke shi mataki-mataki.