Ba Kowane Jini Ne Basir Ba

A kasuwannin Sanyinna da Tambuwal ba ka rasa mai magani da lasifika yana lissafo basir iri-iri: mai tsiro, mai jini, mai sa kasala. Mutum ya ga jini a bayan gidansa, sai ya sayi gora guda, ya ja bakinsa ya yi gum. Sau da yawa basir ɗin ne kuwa. Amma akwai cutar da ke shigowa sanye da rigar basir, wato sankarar dubura, wadda ke tsirowa a ƙarshen babban hanji, dab da mafita.

Jinin basir yakan zo ja wur, ya ɗiga bayan an gama. Na sankara yakan cakuɗu da bayan gidan, har da majina. Mutum ya tsuguna ya tashi yana jin bai gama ba, yau gudawa gobe taurin ciki, ga rama, tafin hannu ya yi fari fat. Ido kaɗai ba ya rarrabewa. In an yi makonni a haka, asibiti za a nufa, ko da mutum ɗan shekara 35 ne, domin a Najeriya cutar ba tsofaffi kaɗai take kamawa ba.

Abin da ake gudu, a ganina, kunya ce. Likita zai sa safar hannu ya taɓa cikin dubura da yatsa, cikin minti guda, kuma da yatsan nan ake gano da yawa daga cikin ƙullutan. Daga Babban Asibitin Tambuwal akan tura mutum Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato, inda ake leƙa hanji da na'ura, a tsinko ɗan nama a auna. Nan akwai sashen gashi da allurar sankara, ga kuma tiyata. Wanda ya zo kafin ta bazu yana iya warkewa.

A wajen tiyata, wasu ana yi musu ƙofa a ciki, a manna jakar da bayan gida ke taruwa, wani na 'yan watanni, wani har abada. Tambayar farko takan zama ta salla. Malamai sun bayyana cewa mai wannan lalura yana da uzuri, sallarsa ta yi.

Kuɗi kam ana kashewa. Iyali su nemi ofishin jin daɗin marasa lafiya a asibitin, su kai kuka Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha, su kuma tambayi SOCHEMA, hukumar inshorar lafiya ta jiha, abin da inshorarta ke ɗauka. 'Ya'yan majinyaci da waɗanda suke ciki ɗaya da shi su ma su shaida wa likita, don su akan fara duba su tun suna shekara 40, ko ma kafin nan.