Labarin Gundumar Rodos a Ƙasar Girka

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Bayan haka, ga labarin wata gunduma wadda ruwa ya rarraba garuruwanta, ba a zuwa daga wannan gari zuwa wancan sai a jirgi.

Rodos tsibiri ne a gabashin Bahar Rum. Yana ƙarƙashin mulkin Girka, amma tsakaninsa da gaɓar Turkiyya kilomita 18 ne kawai. Dutsen da ya fi tsawo a cikinsa shi ne Atabiros, tsayinsa mita 1,215. Mutanen tsibirin sun kai 125,000 a ƙidayar 2021, galibin abincinsu daga baƙi masu yawon buɗe ido yake fitowa.

A da hukumomin gari 10 ne a kan tsibirin. A shekarar 2011 Gwamnatin Girka ta yi gyaran mulki, ta haɗe su suka zama hukuma ɗaya, da magajin gari ɗaya wanda jama'a ke zaɓa. Amma ƙananan tsibirai huɗu da ke cikin gundumar, wato Simi da Tilos da Halki da Kastelorizo, an bar wa kowanne majalisarsa. Dalili kuwa a fili yake. Kastelorizo na da nisan kilomita kamar 125 daga Rodos, alhali kuwa kilomita 2 ne tsakaninta da Turkiyya. In iskar hunturu ta taso, jirgi ya kasa zuwa, mutanenta da ba su kai 600 ba dole su sami mai yanke musu shawara a gida. Hedikwatar lardin duka tana can wani tsibiri, Siros.

Malamai za su so su ji wannan. Sarkin Turkawa Sulaimanu ya ci Rodos a 1522, Musulmi suka mallake ta har 1912 da Italiya ta karɓe. Da aka yi musayar jama'a tsakanin Girka da Turkiyya a 1923, ba a tashi Musulmin Rodos ba, domin a lokacin suna hannun Italiya. Girka ta sami tsibirin a 1947. Zuriyarsu na nan har yau, haka kuma ɗakin littattafan da Hafiz Ahmad Aga ya yi waƙafi a 1793, inda ake ajiye da Alƙur'anai rubutun hannu.

Allah Ya kiyaye matafiya, na tudu da na ruwa, amin. Wassalam.